Gyaɗar kasuwa za ta iya maye gurbin almon ga mai yawan kitse a jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Aboabo, nan Kumasi, shekaruna sun doshi hamsin. An gwada jinina an ce kolestarol ya hau, suga kuma yana bakin iyaka. Nas ta ce in riƙa cin irin su almon, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa da ake shigowa da ita daga waje. Ɗiyata ta aiko mini da leda ɗaya daga Accra, da na ji kuɗinta na ce kada ta sake. Shin gyaɗa za ta yi wannan aikin? Ni dai tun tasowata nake jin ana cewa gyaɗa maiƙo ce, tana sa ƙiba da basir.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya yi wa ɗiyarki albarka. E, gyaɗa za ta yi. Wadda ake aunawa da gwangwanin olonka a kasuwarku ba ta gaza almon ba a abin da kike nema, wato sauko da kitsen jini da kare zuciya. Aikina tsara wa masu suga da hawan jini abinci ne, kuma abin da ke damuna ƙwarai shi ne yadda mutanenmu da zarar an ce su ci abu mai amfani sai hankalinsu ya tafi manyan kantuna, su ga kuɗin ya fi ƙarfinsu, su haƙura gaba ɗaya, alhali abin yana kan tire a ƙofar gidansu.

Bari mu ɗora su a sikeli. A cikin giram 100 na almon akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 21 da mai wajen giram 50. A cikin giram 100 na gyaɗa akwai furotin giram 25 zuwa 26 da mai giram 49. Kin ga a wajen furotin ma gyaɗa ce a gaba. Almon ya fi ta bitamin E da kalsiyam, ita kuma ta fi shi niyasin da folet, waɗanda suke cikin dangin bitamin B. Tsadar almon ta hanya ce: mafi yawan wanda duniya ke ci a jihar Kalifoniya ta Amurka ake noma shi, don haka kuɗin jirgi da na kwastan da tashin dala kike biya. Gyaɗarmu kuwa daga arewacin ƙasar nan Ghana take gangarowa, wajajen Tamale da Wa da Bolga.

Waɗanda suka ce miki gyaɗa maiƙo ce ba su yi ƙarya ba, kusan rabinta mai ne. Sai dai mai suna ne ya tara. Ki tuna tukunyar naman sa da ta kwana, yadda kitse kan daskare fari fat a samanta, alhali man gyaɗa yana nan ruwa a kwalbarsa. Kitse mai daskarewa, irin na nama da bota da man alayyadi, shi ne ke sa hanta ta yi sanyi wajen kwashe mugun kolestarol, wanda za ki ga an rubuta LDL a takardar gwajinki. Idan ya yi yawa a jini sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyi, hanya ta ƙuntata a hankali, har wata rana ta toshe, a sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Man da ke cikin gyaɗa kuwa, wajen kashi 80 cikin 100 nasa mara daskarewa ne, kuma idan ya shiga gurbin wancan, hanta takan ƙara himma wajen kwashe LDL. Bayan haka gyaɗa tana da wani sinadarin tsirrai mai kama da kolestarol, wanda kan yi gogayya da shi a hanji ya rage yawan wanda ke shiga jini. Ga faiba, wato harzar abincin da ciki ba ya narkarwa, ga kuma maganisiyam mai taimaka wa jijiyoyin jini su saki.

Wannan ba hasashe ba ne. Tun 1992 masu bincike a jami'ar Loma Linda da ke Kalifoniya suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum sama da 31,000, inda suka ga masu cin gyaɗa da danginta sau biyar ko fiye a mako haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya kusa rabin na waɗanda ba su cika ci ba. A 2013 jami'ar Harvard ta fitar da nata, na mutum kusan 119,000 da aka bi har tsawon shekara 30: masu ci kullum yawan mutuwa a cikinsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 20 cikin 100. Wanda ya fi kusa da tambayarki shi ne na 2015, da aka yi a kan mutum sama da 200,000, wasunsu masu ƙaramin ƙarfi ne a kudancin Amurka, akasarinsu baƙar fata, sauran kuma mazauna birnin Shanghai na ƙasar Sin. Waɗannan mutane gyaɗa ce babban abin da suke ci daga wannan dangi, ba almon ba, kuma an ga ragin da ya yi kusa da wancan. Irin wannan bincike na bin mutane yana da iyaka, domin mai cin gyaɗa a kai a kai yana iya zama mai kula da kansa ta wasu hanyoyin. Shi ya sa nake ƙara dogara da gwaje-gwajen da aka ba mutane abincin da hannu aka auna jininsu. A 2010 an haɗa irin waɗannan guda 25, aka ga cin wajen giram 67 a rana ya sauko da LDL da kimanin kashi 7 cikin 100. Ragi ne na gaske, amma matsakaici, ba zai yi abin da ƙwayar asibiti ke yi ba ga wanda nasa ya hau sosai.

To nawa za ki ci? Ni giram 30 nake ba mutane a rana, wato cikin tafin hannunki ɗaya na ɓararriya. In kina son ma'auni, ki sami ƙaramin gwangwanin tumatir, ki zuba kada ya cika, kamar kashi uku cikin huɗu. Niƙaƙƙiya kuwa cokalin cin abinci biyu. Wannan ɗan abin yana ɗauke da kalori wajen 170, don haka maganar ƙiba tana nan ga wanda ya ajiye kwalba a gefensa yana zuba wa baki tun safe har la'asar, abin da ke da sauƙin faruwa ga mai zaman rumfa. Ki auna na ranar tun daga gida, ki ƙulla a leda, ki bar kwalbar a can.

Sannan gyaɗar ta shiga gurbin wani abu ne, kada ta zama ƙari a kan abin da kika saba. Lokacin da yunwar hantsi ke sa ki kira mai bofrot, wato fanke, ko ki ɓare biskit, a nan ne wurinta. Tana riƙe ciki, kuma idan aka tauna ta tsaba, wani ɓangare na manta ba ya ma shiga jiki, yakan wuce. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a binciken da aka yi ba a ga masu cin ta da ƙa'ida suna ƙara nauyi ba. Ga sugarki kuma tana da kyau, domin sitacinta kaɗan ne, ba ta tayar da sugan jini da sauri, kuma tana rage gudun abin da aka ci tare da ita. Kokon safe da aka rage wa suga aka watsa masa gyaɗa ya fi miki koko mai zaƙi da burodi nesa ba kusa ba. Gasasshiyar agada da gyaɗa ta bakin titi ma ba laifi, in kin tsaya a guda ɗaya kuma kin zaɓi wadda ba ta nuna tuɓus ba.

Miyar gyaɗa abinci ce mai kyau, ba zan hana ki ba. Inda take ɓaci shi ne nama mai kitse da kayan ciki, da dunƙulen magi uku ko huɗu, da malmalar fufu ko tuwon shinkafa da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki yi ta da kifi ko kaza da aka cire wa fata, ki ƙara gauta ko kuɓewa, ki rage malmala. Ranar da kika sha miyar, rabonki na gyaɗa na wannan rana ya fita. Su alewar gyaɗa da kantu da dakuwa mai suga kuwa, ki ɗauke su a matsayin kayan zaƙi, na sallah da biki. Mai gishiri ma ki yi hankali da ita, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a ci a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma miyarmu kaɗai takan kai mu can. Soyayyiya a yashi ba gishiri, ko dafaffiya mai ɓawo idan lokacinta ya zo, su ne zaɓina. In kin iya, ki ci da jar fatar da ke jikinta, akwai amfani a cikinsa.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, domin shi ne haɗarin gaske da ke cikin gyaɗarmu, kuma ba shi mutane ke tsoro ba. Akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba ko aka ajiye su a wuri mai zafi da laima. Tana fitar da guba da ake kira aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masarar da ta gurɓace da ita. Wannan shi ne idan an ci da yawa a lokaci guda. Abin da ya fi shafar mu shi ne kaɗan-kaɗan na shekara da shekaru, wanda ke cin hanta a ɓoye. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, kuma idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin kansar hanta yakan ninka sau da yawa. A ƙasar nan kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da wannan ƙwayar cuta, da yawa ba su sani ba, kuma sai a 2002 aka sa rigakafinta cikin allurar jarirai, don haka sa'o'inki ba su samu ba suna yara. In ba ki taɓa gwadawa ba, ki roƙi a haɗa miki da shi ranar da za ki koma. An kuma danganta gubar da tsumburewar yara a binciken da aka yi a Benin da Togo.

Wuta ba ta gamawa da ita. Suya da dahuwa suna kashe funfunar, su rage gubar kaɗan, amma saura na nan. Abin da ke aiki shi ne tsincewa, domin gubar takan taru ne a cikin 'yan ƙwayoyi marasa kyau, ba ta bazu daidai a cikin buhu ba. Ki baza gyaɗar a faranti a wuri mai haske, ki fitar da duk wadda ta motse, ko ta canza launi zuwa baƙi ko kore ko rawaya, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda. Wadda kika tauna kika ji ɗaci, ki tofar, kada ki haɗiye don kunya ko don ƙin asara. Waɗanda kika tsince kuma ki binne su ko ki ƙona. Kada a ba kaji ko awaki, gubar tana cutar da su, kuma takan fito a nonon dabba.

Daga nan za ki gane abin da ya sa nake ɗari-ɗari da niƙaƙƙiyar gyaɗar da ake tallarta a buɗaɗɗen bokiti. Ba ina zargin kowace mai sayarwa ba ne, da yawansu mata ne masu tsoron Allah da ke neman halaliyarsu. Amma kin fi ni sanin kasuwa: mai kyau ita ake sayarwa tsaba da tsada, karyayya da tsintacciya kuwa sau da yawa inji take tafiya, kuma da an niƙa ido ba ya iya rarrabewa. Gwaje-gwajen da aka yi a kasuwannin Ghana sun sha samun gubar da yawa a niƙaƙƙiya. Haka ƙuli-ƙuli, wanda furotin ɗinsa ya fi na tsabar tunda an matse mai, kyansa ya dogara da gyaɗar da aka yi shi da ita. Mafita ita ce ki sayi tsaba, ki tsince da hannunki, ki soya, ki kai inji da kanki. In ta kwalba za ki saya, ki duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA a jiki. Wajen ajiya kuma, Kumasi ba Tamale ba ce, iskarmu da laima take, musamman da damina. Kada ki tara ta watanni. Ki sayi ta mako biyu ko uku, ki shanya a kan tire ko tabarma, ba a ƙasa tsirara ba, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Niƙaƙƙiya ta shiga firji in akwai, kuma a riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Kada kuma ki tsaya a gyaɗa kaɗai, sauyawa ya fi. Riɗi rabinsa mai ne irin mai kyau, kuma wanda ba a surfe ba yana da kalsiyam mai yawa, abin da mace a shekarunki take buƙata saboda ƙashi. Ki ɗan soya shi ki daka, domin ƙwayar da ba ta fashe ba yadda ta shiga haka take fita. Cokali ɗaya a koko ko a miya ya isa. Agushi yana da furotin kusan kashi 30 cikin 100, kuma haɗa shi da kontomire, wato ganyen gwaza, abinci ne da nake yaba wa ƙwarai, in dai an ja hannu da manja. Shi ma funfuna na kama shi, don haka ki sayi tsaba ki niƙa. Kashu kuwa a wajajen Wenchi da Sampa da Techiman ake noma shi, amma yawanci ɗanye ake fitar da shi zuwa Indiya da Biyetnam, shi ya sa yake mana tsada a gida. Yana da kyau, sai dai sitacinsa ya fi na gyaɗa yawa sosai, saboda haka ba shi da wani fifiko a wajenki.

Aya a gaskiya saiwa ce, ba ƙwaya ba, amma tana da harza sosai kuma tana sauƙaƙa bayan gida. Ki wanke ta da kyau ki tauna. Kunun aya an tace harzar an zubar, an ƙara dabino da suga, don haka ba naki ba ne a yanzu. Daddawa, wadda ake yi da kalwa, mutane da yawa a nan suna cewa maganin hawan jini ce. Abin da zan iya tsaya miki a kai shi ne tana ba miya ɗanɗano har a rage magi, kuma rage magin rage gishiri ne.

Abubuwa biyu ba sa cikin wannan lissafi. Kwakwa, sama da kashi 80 cikin 100 na man da ke cikinta mai daskarewa ne, ki ci jefi-jefi, kada ki mai da man kwakwa na girkin kullum don an ce miki magani ne. Goro kuma, duk da girman matsayinsa a wurinmu, tunda fataucinsa ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Salaga da Kumasi, abin da ke cikinsa sinadarin kafeyin ne irin na kofi. Yana sa bugun zuciya ya ƙaru, yana hana barci, kuma ba ya cikin masu sauko da kolestarol. Akwai kuma abu ɗaya da gyaɗa da almon duka suka rasa, wato man omega-3 da ake yabon wata ƙwaya mai suna walnot da shi. Wannan ki neme shi a kifin teku mai maiƙo, irin su amani da samon na kasuwa, sau biyu a mako.

Maganar basir, abin da ke kawo shi yawan yunƙuri ne saboda taurin bayan gida, da daɗewa a zaune a makewayi, da juna biyu. Gyaɗa harza gare ta, tana cikin masu taimako idan ana shan ruwa isasshe. Wanda ya cika ciki da ita zai ji kumburi da nauyi, wannan kuwa yawan ne ya jawo.

In akwai jikoki a gidan, kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba tsabar gyaɗa ko kashu, yana iya sarƙewa ta faɗa masa hanyar numfashi. Niƙaƙƙiya mai tsabta da aka dama a koko kuwa ana iya fara ba jariri daga wata 6. Wani gwaji da aka yi a Landan a kan jarirai 640, aka fitar a 2015, ya nuna fara ba su da wuri ya rage kamuwa da alajin gyaɗa, wato yadda jikin wasu kan ƙi ta, da wajen kashi 80 cikin 100. Jaririn da ke fama da ƙurajen fata masu tsanani sai an fara tuntuɓar likita. Duk wanda ya ci gyaɗa leɓensa ya kumbura, ko jikinsa ya yi bori, ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga abin da hali zai yi. Mai ciwon ƙoda shi ma kada ya ɗauki wannan shawara sai ya ji daga likitansa, domin gyaɗa da danginta suna da fotasiyam da fosfaras da yawa.

In an rubuta miki ƙwayar kolestarol, ki ci gaba da sha yadda aka ce, kada ki ajiye don kin fara cin gyaɗa. Ki adana takardar gwajin farko, bayan wata uku ki koma a sake aunawa, ki ce a nuna miki lambar LDL ta da da ta yanzu. Ki kuma roƙi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suganki na wata biyu zuwa uku da suka wuce, domin ya fi tsinken yatsa na safiya ɗaya faɗin halin da kike ciki.